Rawar Bale: Abin da Gajeren Bidiyo Ba Ya Nuna wa Mai Kallo

A watan Yunin 2020 wani ɗan gajeren bidiyo ya zaga duniya. Yaro ne ɗan shekara 11, Anthony Madu, yana juyi da tsalle ba takalmi a kan daɓen siminti a wata unguwa ta Legas, ruwan sama na zuba a kansa. Bidiyon ya samo masa tallafin karatu daga American Ballet Theatre, wata babbar ƙungiyar rawar bale ta birnin New York, daga baya ya tafi makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila, a 2024 kuma kamfanin Disney ya fitar da fim a kan rayuwarsa. Tun daga nan irin waɗannan bidiyoyi ba su daina faɗowa cikin wayoyin mutane ba ta TikTok da Facebook. A Sakkwato kusan duk wanda ya taɓa ganin wannan rawa a waya ya gan ta, guntu-guntu, daƙiƙa talatin ko arba'in. Shi ya sa tambayoyin suke maimaita kansu: rawa ce ko wasan motsa jiki? Katako ne a cikin takalmin? Me ya hana su magana? Kuma idan wata makaranta ta ce za ta koya wa yara, me uba zai ce?

## Mece ce rawar bale

Wasan kwaikwayo ne da ake yi da jiki da kiɗa, ba a furta kalma ko ɗaya. Ana yin sa a kan dandamali, makaɗa suna zaune a wani rami da ke gabansa, madugunsu yana kallon 'yan rawa don ya daidaita saurin kiɗan da ƙafafunsu. Cikakken wasa yakan ɗauki awa biyu zuwa uku, a raba shi kashi biyu, uku ko huɗu, ana hutawa a tsakani.

Abin da ya bambanta ta da wasan motsa jiki na gasa shi ne manufa. A can alƙalai ne ke ba da maki kan wahalar abin da aka yi. A nan ana so ne a ɓoye wahalar gaba ɗaya, mai kallo ya ga kamar jiki ba shi da nauyi, kuma kowane motsi ya zama yana faɗin wani abu a cikin labari ko yana bin wata gaɓa ta kiɗa. Ɗan rawar da ya yi tsalle mai tsawo amma ya dira bayan kiɗan ya wuce, a wurin masana ya yi kuskure.

Kamfanin bale, wato ƙungiyar 'yan rawar, yana da matakai. A ƙasa akwai 'yan ayari, waɗanda ke rawa a jere su 24 ko fiye. Sama da su akwai masu fitowa su kaɗai a ƙananan wurare, sai manyan 'yan wasa masu ɗaukar jagorancin labari. A gidan Opera na Paris matakan biyar ne, na ƙoli ana kiransa tauraro, kuma ana sanar da naɗin a kan dandamali gaban jama'a bayan an gama wasa.

## Daga fada zuwa gidan kallo

Asalinta fadojin Italiya ne a ƙarni na 15, inda 'ya'yan sarauta ke yin ta a bukukuwa. Ta shiga Faransa ta hannun Catherine de' Medici, 'yar Italiya da ta zama sarauniyar Faransa, kuma Sarki Louis na 14, wanda shi kansa ɗan rawa ne, ya kafa mata makaranta a 1661. Malaminsa Pierre Beauchamp ne ake jingina wa tsayuwar ƙafa guda biyar da har yau da su kowane ɗalibi yake farawa. Dalilin ke nan da ya sa sunayen motsi duk na Faransanci ne, ko a Mosko ake koyarwa ko a Legas.

A ƙarni na 19 ragamar ta koma Rasha. Wani Bafaranshe, Marius Petipa, ya shafe shekaru da dama yana jagorantar kamfanin sarki a Saint Petersburg, kuma galibin manyan wasannin da ake yi yau ko dai shi ya tsara su ko ya sake musu fasali. Daga 1909 zuwa 1929 ayarin Sergei Diaghilev ya yi yawo da 'yan rawar Rasha a Turai da nahiyar Amurka, kuma daga cikin mutanensa aka samu waɗanda suka kafa manyan kamfanonin Landan da New York.

## Kwatangwalo, gwiwa da takalmi

Tushen komai shi ne buɗe ƙafa. Ɗan rawa yana juya ƙafafunsa waje har yatsu su kalli hagu da dama, dunduniya ta haɗu da dunduniya. Amfaninsa shi ne ƙafa ta iya ɗagawa gefe sosai ba tare da ƙashin cinya ya tokare ba, kuma a iya tafiya kowace fuska ba a juya wa 'yan kallo baya ba. Sharaɗin shi ne juyin ya taso daga kwatangwalo. Galibin mutane ƙashinsu bai ba su damar buɗewa har ƙafafu biyu su zama layi ɗaya ba, kuma wannan halitta ce, atisaye kaɗan yake ƙarawa a kanta. Ɗalibin da ya matsa wa kansa sai ya murɗe tafin ƙafa a ƙasa alhali gwiwa tana kallon gaba. Sakamakon shi ne tafin ƙafa ya kife ciki, nauyi ya koma kan babban yatsa, jijiyoyin cikin gwiwa su riƙa jan wuya, ƙugu kuma ya lanƙwashe. Yadda ake ganewa ba wuya: idan ya durƙusa, gwiwa ta kasance daidai saman yatsun tsakiya. Idan ta faɗa ciki, buɗewar ta ƙarya ce.

Wannan ɗan durƙuson, da ake kira filiye, shi ne mafarin kowane tsalle kuma shi ne ƙarshensa. Ana dira da yatsu, sai tsakiyar tafi, sai dunduniya ta taɓa ƙasa, gwiwa ta lanƙwasa ta shanye nauyin. Wanda ke dira dunduniya a sama yana tara wa agararsa ciwo. Mai kallo yana iya jin wannan da kunne: ƙwararre yakan dira kusan shiru.

Juyi kuwa sirrinsa a kai yake. Ɗan rawa yana kafa ido a wuri ɗaya, jiki ya fara juyawa kai yana nan, sai a ƙarshe ya fizgo kan da sauri ya sake kama wurin da ido. Wannan ne ke rage hajijiya kuma yake ba juyin ƙidaya. Mafi shahara shi ne juyi 32 a jere kan ƙafa ɗaya, da ake kira fuwete, a kashi na uku na wasan Swan Lake. 'Yar Italiya Pierina Legnani ce ta sa shi a wasan a 1895. A kowane juyi ana sauka kan tafin ƙafa, a bulala ɗaya ƙafar gefe, a sake hawa kan yatsu. Masana ba ƙidayar kaɗai suke bi ba. Suna duba ko ta tsaya a inda ta fara ko tana gangarowa gaban dandamali, ko ƙafar da ke sama tana riƙe da tsayinta ko tana faɗuwa da gajiya, da kuma ko ta tsaya cak tare da bugun kiɗa na ƙarshe.

Takalmin tsayuwa kan yatsu babu katako ko ƙarfe a bakinsa. Akwatin da yatsu ke shiga an yi shi ne da yadi da takarda ninki-ninki da aka ƙafe da gam, ƙarƙashin tafi kuma akwai wani ƙarfafan falle na fata ko kwali da ke tallafe ƙafa, sai a rufe duka da satin. Ba shi da hagu ko dama. 'Yar rawa da kanta take ɗinka masa igiya da roba, ta bubbuga shi a ƙasa don ya rage ƙara, ta taka garin ƙaro don kada ta zame. Zufa da ɗumi suna narkar da gam ɗin, saboda haka ƙafa ɗaya ta takalmi takan mutu bayan awa goma sha wani abu na aiki, babbar 'yar wasa ma tana iya kashe shi a dare guda. Kuɗinsa kuwa yakan kai kusan dalar Amurka 100. Kuma ba takalmin ke ɗaga mutum ba. Ƙarfin tafin ƙafa da idon sawu da sha-raɓa da ciki ne ke ɗauke nauyi daga kan yatsu. Marie Taglioni ce ta fara shahara da wannan salo a wasan La Sylphide a 1832, a lokacin da takalmin bai wuce silifa mai laushi da aka yi wa ɗinkin ƙarfafawa ba.

Duk wannan ana gina shi ne da darasin safe na awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi, kwana shida a mako, a fara riƙe da sandar da ke jikin bango, a koma tsakiyar ɗaki, a ƙare da tsalle. Babban ɗan wasa ma ba ya tsallake shi. Horon yakan ɗauki shekara takwas zuwa goma, aikin kuma gajere ne: da yawa suna ajiyewa kafin shekara 40, a Paris kuwa 42 ce shekarar ritaya.

## Inda ido ya kamata ya tsaya

Wanda ya san dambe ba hannun da aka naɗe kaɗai yake kallo ba, yana kallon tsayuwar ƙafa da yadda ɗan wasa ke shiga da fita. Haka abin yake a nan. Tsalle da juyi su ne ke cika bidiyoyin waya, amma ƙwarewa ta fi bayyana a ƙananan takun da ke haɗa su, da yadda hannu da kafaɗa da kai suke tafiya tare, da yadda ake ƙare motsi ba tangaɗi.

Akwai kuma harshen hannu da ya kamata a sani, in ba haka ba labarin zai wuce mutum. Hannu biyu a kan ƙirji soyayya ce. Nuna yatsan zobe aure ne. Ɗaga yatsu biyu sama rantsuwa ce. Kewaya fuska da hannu yana nufin kyau, juya hannaye a saman kai gayyatar rawa ce, gicciye wuyan hannu biyu a ƙasa da dunƙulallen hannu kuwa mutuwa ce.

Babbar rawar mutum biyu, mace da namiji, tana da tsari tsayayye: shigowa, sai sashe mai sanyi inda namijin ke tallafe ta tana juyi ko yana ɗaga ta, sai ya yi tasa shi kaɗai, ta yi tata, sannan su haɗu a rufewa mai sauri. Aikin namiji a sashe na biyu shi ne kada a lura da shi. Idan aka ga yana jan ta ko yana gyara mata tsayuwa a fili, ɗayansu ya kauce daga ma'auni.

Amma ma'aunin kamfani na gaskiya 'yan ayari ne, domin tauraro ana iya gayyato shi daga wata ƙasa, ayari kuwa sai an yi shekaru ana gina shi. A wasan La Bayadère akwai wurin da mata 24, a wasu kamfanonin 32, suke saukowa ɗaya bayan ɗaya ta kan gangare, kowacce tana tsayawa kan ƙafa ɗaya ta miƙa ɗayar baya, ta taka, ta sake. Ta gaba takan maimaita fiye da sau 30. Ƙafa ɗaya ta yi rawa ko ta fi sauran tsayi, kowa zai gani. Irin wannan wuri daga kujerun sama ya fi kyan kallo, kuma shi ne abin da bidiyon tsaye na waya yake yankewa.

## Rumbun wasanni

Kowane kamfani yana da wasannin da ya mallaka yake juya su shekara-shekara. Tsofaffin da kusan kowa ke da su ba su da yawa. Giselle, na 1841, labarin 'yar ƙauye ce da wani ɗan sarauta ya yaudara da shigar talakawa, ta haukace ta mutu, sannan fatalwarta ta kare shi daga fatalwowin matan da aka yaudara. Swan Lake, da kiɗan da Chaikofski ɗan Rasha ya tsara, an fara shi a Mosko a 1877, amma fasalin 1895 na Petipa da Lev Ivanov ne ya ɗore. Labarin gimbiya ce da matsafi ya mayar farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, kuma mace ɗaya ce ke fitowa a matsayin gimbiyar da kuma 'yar matsafin, abin da ya sa ake auna manyan 'yan wasa da shi. The Sleeping Beauty na 1890 yana da wurin da gimbiya ke tsayawa kan yatsun ƙafa ɗaya tana karɓar hannun masu neman aure huɗu bi da bi, tana sakin kowane hannu ta tsaya ita kaɗai kafin ta kama na gaba. The Nutcracker na 1892 wasan lokacin Kirsimeti ne, kuma a Amurka shi ne ke kawo wa kamfanoni da yawa kaso mai tsoka na kuɗin tikitin shekara.

Wannan batu na kuɗi shi ne ke bayyana dalilin da ya sa ake ta maimaita wasanni ƙalilan. Sunan da aka sani shi ke cika kujeru, sabon wasa kuwa kasada ne. Shugabannin kamfanoni sukan haɗa biyun: dogayen tsofaffi don kuɗi, sai daren gajerun wasanni uku don sababbin ayyuka ko marasa labari irin na George Balanchine, wanda ya kafa New York City Ballet a 1948.

Ya kamata a san cewa suna ɗaya ba ya nufin wasa ɗaya. Ana gadon rawar ne daga jiki zuwa jiki, tsohon ɗan wasa yana koya wa sabo, ko da yake akwai hanyoyin rubuta motsi a takarda. Saboda haka Swan Lake na wani kamfani yakan ƙare da mutuwar masoyan, na wani kuma, musamman fasalin zamanin Tarayyar Sobiyet, ya ƙare da nasararsu.

## Inda ake jayayya

Jayayya ta farko a cikin gidan take. Wasannin ƙarni na 19 suna ɗauke da yadda Turawan lokacin suke kallon sauran al'ummu. A Raymonda na 1898 mugun labarin jarumin Musulmi ne mai suna Abdurrahman, wanda ya nemi sace amarya, mayaƙin Salibiyya ya kashe shi. A Le Corsaire akwai kasuwar bayi da wani basaraken Turkawa da aka mayar abin dariya. A La Bayadère an daɗe ana shafa wa yara baƙin fenti. A 2019 Misty Copeland, baƙar fata ta farko cikin mata da ta kai matakin ƙoli a American Ballet Theatre, ta soki gidan Bolshoi na Mosko kan wannan fenti, shugaban gidan ya ce ba za su canza ba. Gidan Opera na Paris kuwa ya sanar da daina shi a 2021, kuma a 2023 ya naɗa Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, tauraro baƙar fata na farko a tarihinsa. Masu son a bar wasannin yadda suke suna cewa kayan tarihi ne, gyara su share shaida ne. Masu son gyara suna cewa waɗannan wasanni dama ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, kowane zamani ya taɓa su. Tamara Rojo, shugabar wani kamfanin bale na Ingila a lokacin, ta bi hanya ta biyu a 2022, ta mayar da Raymonda zamanin yaƙin Kirimiya, Abdurrahman ya zama aboki daga ɓangaren Turkawa.

Jayayya ta biyu ita ce ta fi kusa da mai karatu a Sakkwato, garin da malaman jihadi suka yi rubutu a kan kiɗa da cuɗanyar maza da mata tun ƙarni biyu da suka wuce. Masu hani suna kafa hujja da abubuwa uku, kuma duk ukun suna cikin bale na dandamali: tufafin da ke bayyana al'aura ko siffanta jiki, taɓa juna tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba, da kayan kiɗa na tsirkiya da busa waɗanda mafi yawan malaman mazhabobi huɗu suka hana. Masu sassauci a kan kiɗa suna jingina da irin ra'ayin Ibn Hazm, kuma a kan motsa jiki ana kawo hadisin Habashawan da suka yi wasa da masu a masallaci Nana A'isha tana kallo. Sai dai ko masu wannan ra'ayi ba su sassauta a kan tsiraici da cuɗanya ba. Abin da wasu ke rarrabewa shi ne wasan dandamali daban, atisayen kansa daban, idan mata ne zalla a rufaffen wuri.

Ƙasashen Musulmi ma ba su bi hanya ɗaya ba. Turkiyya ta buɗe makarantar bale a 1948. Masar ta kafa tata a ƙarshen shekarun 1950 da malamai daga Tarayyar Sobiyet, kamfanin Alƙahira yana nan har yau, ko da yake a 2013 wani ɗan majalisar Shura daga jam'iyyar Nur ya nemi a hana shi. Iran ta kafa kamfani a 1958, aka rushe shi bayan juyin juya halin 1979.

Akwai kuma masu kallon abin ta fuskar al'ada. Wasu na ganin ba dalilin ɗauko rawar Turawa alhali irin su koroso da takai ba su samu kulawa ba. Wasu na amsawa da cewa abin koyi a bale shi ne tsarin: manhaja mai matakai, makaranta, da adana kowane wasa don kada ya bi mai shi kabari.

## Abin da ya shafi iyaye da masu kallo

Haɗarin da ya fi kusa shi ne kwaikwayo. Yarinya ta ga bidiyo ta ce za ta tsaya kan yatsu a tsakar gida. Makarantun kirki ba sa ba da takalmin yatsu sai wajen shekara 11 ko 12, bayan shekara uku ko fiye na horo sau da yawa a mako, kuma sai malami ya gwada ƙarfin idon sawu, domin ƙasusuwan ƙafar yaro ba su gama ƙwari ba. Hawa da wuri, ko hawa ba takalmin da aka auna, yana jawo targaɗe, karkacewar babban yatsa da tsagewar ƙananan ƙasusuwan tafi.

Daɓe ma abin dubawa ne. Daɓen ɗakin horo na gaskiya katako ne da aka ɗora kan soso ko wasu katakai don ya riƙa lotsawa kaɗan. Siminti da tayil, waɗanda su ne a yawancin azuzuwanmu, ba sa shanye komai, duk nauyin dira yana komawa ƙwauri da gwiwa da ƙugu. Bidiyon Madu ya nuna baiwa da naci, amma daɓen da ya yi rawa a kai ba abin koyi ba ne. A zafin bazarar Sakkwato, inda ma'auni ke haura digiri 40, darasin awa ɗaya a ɗakin da ba iska yana buƙatar ruwan sha da hutu a kai a kai, kuma safiya ta fi.

Makarantu masu zaman kansu a Legas da Abuja sun daɗe suna sa bale cikin ayyukan bayan darasi, da kuɗinsa daban. Idan irin wannan tayi ya zo wa uba a nan, tambayoyin da za su raba masa gardama a bayyane suke: a ina malamar ta yi horo kuma wace manhaja take bi, wane irin daɓe ne, maza da mata a haɗe suke ko a rabe, wace sutura za a sa, da wane kiɗa, kuma za a fito gaban jama'a ko ɗaukar bidiyo a ƙarshen zango. Amsoshin nan ne zai kai wa malaminsa idan yana neman hukunci, domin ajin 'yan mata ƙanana masu koyon tsayuwa da miƙa ƙafa ba ɗaya yake da rawar mutum biyu ta dandamali ba. Ga ƙananan yara takalmi mai laushi na yadi ko fata ya wadatar, duk wanda ya ce a sayi na yatsu tun shekarar farko bai san aikin ba.

Wanda kuma yake son fahimtar sana'ar kafin ya yanke wa kansa matsayi, darasin safe ya fi wasan dare nuna yadda abin yake. A 2014 manyan kamfanoni suka fara watsa darasinsu kyauta a ranar bale ta duniya, kuma da yawansu suna nan a YouTube. Awa ɗaya a matsakaicin haske takan ci kusan rabin gigabait na data. A kwantar da wayar a gicciye, a zaɓi ɗaukar da ke nuna jiki duka daga kai har ƙafa, domin wadda ke matsowa kan fuska tana ɓoye gwiwa da dunduniya, inda ake gane daidai da kuskure.